'Ya'yan Wusasa: Mishan Ta Zo Neman Sarakuna, Ta Tashi da Yara

A farkon shekarar 1900 wani ayari na Turawa biyar ya taso daga Ikko ya nufo Kano, da dawaki da 'yan dako da akwatunan magani. Ba sojoji ba ne, ba kuma fatake ba. Madugun tafiyar wani bishop ne na cocin Ingila, Herbert Tugwell. A cikinsu akwai wani saurayin likita ɗan shekara 28 mai suna Walter Miller, wanda daga baya Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Ƙungiyar mishan ta CMS ce ta aiko su. Abin da suke so shi ne Sarkin Kano Alu ya ba su wurin zama na dindindin, su buɗe makaranta da ɗakin shan magani, su kuma yi wa'azin addinin Kirista a birnin da suka ji ana cewa shi ne cibiyar ƙasar Hausa.

Sarki Alu bai ja zancen da nisa ba. Ya nuna musu sun shigo ƙasarsa ba da izininsa ba, kuma Kano tana da malamanta da makarantunta. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu-ya-nasu su fita. Suka juyo kudu, suka yada zango a Girku, wani ƙaramin gari a ƙasar Zazzau. A can atuni ya kashe ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, wani kuma rashin lafiya ta sa aka mai da shi gida.

Cikin biyar ɗin nan Mila ne ya daɗe. Ya shafe fiye da shekara talatin yana wannan aiki, amma abin da ya kawo shi bai samu ba. Babu sarkin da ya bi shi, malaman birni ba su rufe littattafansu sun koma wurinsa ba, kuma yawan waɗanda aka yi wa baftisma a cikin ganuwar Zariya bai taka kara ya karya ba. Abin da ya samu shi ne yara: marayu, da 'yantattun bayi, da 'ya'yan wani ƙauye da annoba ta cinye. Daga cikin waɗannan yara da waɗanda suka biyo bayansu aka sami likita na farko ɗan Arewa, da ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da shugaban ƙasa. Wanda duk ke son ya fahimci aikin mishan a ƙasar Hausa, da alherinsa da kuma dalilin da ya sa iyaye suka yi ɗari-ɗari da shi, to ya bi sawun yaran nan.

Tun kafin a zo ga makaranta ma, yara ne suka koya wa 'yan mishan Hausa. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram, a Nijar ta yau. An kama shi bawa yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa ta Barno, inda wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Bayan mutuwar Overweg sai ya bi Heinrich Barth, wanda ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da wani saurayi mai suna Abbega. A can wani ɗan mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da Dorugu a gidansa, yana tambaya yaro yana ba shi amsa, yana ba da tatsuniya da labarin rayuwarsa Bature yana rubutawa. Schön bai taɓa taka Kano ko Katsina ba, amma ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Kaso mai yawa na Hausar da ke cikin waɗannan littattafai daga bakin Dorugu ta fito. Ya dawo gida daga baya, ya yi tafinta, ya ƙare rayuwarsa a Nasarawa ta Kano a 1912.

Shi ma Mila haka ta faru da shi. Kafin tafiyar Kano an tura shi Tarabulus, inda Hausawa fatake da maniyyata da 'yantattun bayi suke da yawa, don ya koyi harshen. A can ya haɗu da wani yaro, Abdul Majid Tafida, wanda ke kan hanyar Makka. Yaron ya wuce ya sauke farali, daga baya ya sake neman Mila ya same shi, har suka je Ingila tare. Mila ya zama ɗaya daga cikin Turawan da suka fi iya Hausa a zamaninsa, kuma kunnensa a wurin wannan yaro ya fara gogewa.

Alƙawarin Lugga da gidan Durumin Maigarke

Shekara uku bayan korar Tugwell, Kano ta faɗa hannun sojojin Ingila a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Mai karatu zai iya zaton daga nan ƙofa ta buɗe wa 'yan mishan. Ba haka aka yi ba. A Sakkwato Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alƙawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba. Turawan mulki ba su da yawa, kuma da sarakuna suke tara haraji da tsare zaman lafiya, saboda haka ba su son abin da zai ɓata wa sarakuna rai. Razdan-razdan da yawa sun riƙa kallon ɗan mishan a matsayin mai jawo musu fitina. Aka tura masu bishara wajen ƙabilun da ba su karɓi Musulunci ba, a Filato da Binuwai da Adamawa da kudancin Zariya, aka kange musu biranen sarakuna.

Zariya ce kaɗai ta fita daban. A 1905 Mila ya sami damar zama a cikin birni, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani, ya fara koyar da karatu. Shi da Lugga sun shirya kafa makarantu biyu, ɗaya ta 'ya'yan sarakuna, ɗaya kuma ta malamai inda za a koya musu rubuta Hausa da baƙaƙen boko ban da ajami. Lugga ya bar Arewa a 1906. Ta malamai ta ɗan taɓa aiki, ta 'ya'yan sarakuna kuwa ba ta yi rai ba, don babu sarkin da zai ɗauki ɗansa ya miƙa wa mutumin da bai taɓa ɓoye cewa burinsa yaro ya zama Kirista ba. Gwamnan da ya gaji Lugga, Percy Girouard, ya ɗauke aikin ilmi daga hannun mishan ya ba Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Shi kansa Ɗan Hausa da rigar CMS ya fara shigowa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati.

To, su wa suka cika gidan Mila? Galibi yaran da ba su da mai cewa a'a a madadinsu. Zamanin nan Turawa suna tare ayarin masu fataucin bayi, su ƙwace yaran da aka kamo, waɗanda da yawansu ba su san sunan garinsu ba balle hanyar komawa. Gwamnati ta yi musu gidan reno a Zungeru da wani a Barno, amma ɗawainiyar ta yi mata nauyi. A 1909 ta miƙa yaran Zungeru ga wata ƙungiyar mishan, SUM, wadda ta gina musu gida a Rumasha a bakin kogin Binuwai, daga baya aka mai da shi Wukari. Waɗansu irin waɗannan yara sun faɗa hannun CMS. Mila bai yi aure ba, yaran nan su ne iyalinsa. Tare suke kwana a gida ɗaya, shi ne malaminsu, shi ne likitansu, shi ne mai horonsu. Waɗansu sun ɗauki sunansa, shi ya sa har yau akwai gidajen Hausawa Kirista masu amsa sunan Miller. Makaɗin zamanin nan Bala Miller, wanda manya suke tunawa da shi a rediyon Kaduna, ɗan wani limamin coci ne daga irin wannan gida.

Mila ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana ƙaunar talakan Hausa ƙauna ta gaskiya, ya tsani bauta da zalunci da cin hanci, amma bakinsa yana da kaifi, kuma abin da ya rubuta game da sarakunan Fulani da Musulunci sau da yawa ya wuce gona da iri. Ya yi ta sa-in-sa da Turawan mulki, yana zarginsu da ɗaure wa azzalumai gindi. Zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, sarki masani kuma mawaƙi, ya fara da girmama juna ya ƙare da gaba. Mila na cikin waɗanda suka riƙa kai ƙarar sarki wurin Turawa, har aka tuɓe shi aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Zazzagawa ba su manta da wannan ba, kuma ya ƙara nisanta mutanen birni da gidan mishan.

Isawa da ƙauyen Gimi

A 1913 abin da Mila ya daɗe yana jira ya zo masa ta hanyar da bai zata ba. Waɗansu samari suka yi sallama a gidansa, suka ce su almajiran wani tafarki ne da ake kira Isawa, waɗansu kuma suna ce musu Bani Isra'ila.

Asalinsu yana komawa ga wani malami a Kano, Malam Ibrahim, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Cikin karatunsa na Alƙur'ani ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa alaihissalam, ya ɗaukaka matsayinsa fiye da yadda sauran malamai suka yarda, ya riƙa koya wa almajiransa su jira dawowarsa. Bai taɓa ganin ɗan mishan ba. Hukumar Kano ta ga ya kauce, aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwa. Mabiyansa suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauchi. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka ji labarin wani Bature a Zariya mai magana a kan Isa, suka zo su ji da kunnensu.

Ba duk Isawa ne suka bi Mila ba, da yawa sun tsaya a kan nasu. Amma waɗansu gidaje sun karɓi addinin Kirista, aka nema musu fili a wani wuri da ake kira Gimi, suka kafa ƙauye. Suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Mai kula da su wani baƙar fata ne daga tsibiran Karebiyan, Rabaran W. A. Thompson. Wannan shi ne karo na farko da aka ga ƙauye guda na Hausawa Kirista, masu noma da aure da suna irin na kowane Bahaushe.

Abin da ba a lura da shi ba shi ne kurmin da ke bakin rafi, inda ƙudan tsando yake. Ba a daɗe ba ciwon barci ya shiga gari. Mutum zai fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, sai kasala, sai ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka ko da abinci a hannunsa, daga nan sai hankali ya gushe, sai mutuwa. Maganin da ake da shi a lokacin ba shi da tabbas, wani lokaci ma makanta yake jawowa. Manya suka yi ta mutuwa, Gimi ta zama kufai. Aka kwashi yaran da suka tsira aka kai su Zariya, gidan Mila.

Wannan cuta ba Gimi kaɗai ta ci ba. Ta yi ɓarna a gabashin ƙasar Zazzau har ta kai a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta shiga sare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, ta tashi dubban mutane ta sake musu matsuguni, ta gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Yaran Gimi su ne suka zama ƙashin bayan makarantar. Sun zo da Hausarsu tsantsa, daga gidajen da aka saba da allo da tawada, kuma ba su da inda za su koma. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnati da masarauta suka matsa a fitar da mishan daga cikin ganuwa. Aka ba su fili a gindin dutsen Wusasa, yamma da birni, kusa da Kufena, suka koma can a 1929. Mila bai so wannan ƙaura ba, yana ganin an kore su ne daga cikin jama'a. Wani matashin limami, Guy Bullen, shi ya jagoranci aikin sabon wurin. Shi ne wanda daga baya aka naɗa bishop a Sudan, ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1937.

A Wusasa aka gina makaranta ta maza da mata, da asibitin St. Luke, da majami'ar St. Bartholomew, wadda sunanta ya zo ɗaya da na asibitin Landan inda Mila ya koyi likitanci. Majami'ar abin a je a gani ce. Da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa sosai, da kaurin bango da bakan gizo irin na soron sarakuna, aikin magina 'yan ƙasa. A cikinta da Hausa ake addu'a da waƙa tun ranar farko.

Mila ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da ya ɗauki shekaru ana yi tare da 'yan mishan na ƙungiyoyin SIM da SUM da kuma Hausawan da ke gyara musu harshe. Tasirin wannan littafi ya wuce ƙasar Hausa. Angasawa da Birom da Bajju da Bachama da sauran ƙabilu masu yawa da shi suka yi ta ibada, ya zama ɗaya daga cikin dalilan da Hausa ta zama harshen coci a yawancin Arewa. A fagen adabi ma Wusasa ta sa hannu. Cikin littattafai biyar na farko na ƙagaggun labarai da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar a tsakiyar shekarun 1930, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. Mila ya bar CMS a 1935, ya je Ingila, ya kasa zama, ya dawo. A Bukuru kusa da Jos ya ƙare kwanakinsa, ya mutu a 1952.

Wanda ya fara nuna abin da makarantar za ta iya shi ne Russell Aliyu Barau Dikko, haifaffen 1912. Daga hannun mishan ya wuce King's College ta Ikko, daga can ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya. Bai tsaya a asibiti kawai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a babban taronta na Kaduna a 1949 shi aka zaɓa shugaba. A teburi ɗaya yake zaune da Abubakar Imam da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, Musulmi masu kishin addininsu, kuma ba su ga aibin Kirista ya shugabance su ba. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, dokar aikin gwamnati ta sa ya sauka. Asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna sunansa yake ɗauke da shi.

Ishaya Audu an haife shi a Anchau a 1927, mahaifinsa Malam Bulus Audu daga zuriyar Isawa yake. Ya yi firamare a Wusasa, ya zama likitan yara, ya kuma zama likitan Sardauna Ahmadu Bello. A 1966, yana ƙasa da shekara 40, aka ba shi shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe ta har 1975. A 1979 ya tsaya mataimakin Nnamdi Azikiwe a takarar shugaban ƙasa, daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari. Yakubu Gowon kuma Ba'angashe ne daga Filato, amma mahaifinsa Yohanna Gowon mai bishara ne na CMS da ya kawo iyalinsa Wusasa. A can Yakubu ya tashi, ya yi makarantar St. Bartholomew kafin ya shiga kwalejin gwamnati ta Zariya, wato Barewa. Daga 1966 zuwa 1975 shugaban ƙasa da shugaban jami'ar Arewa, wato Gowon da Ishaya Audu, duk 'ya'yan wannan unguwa ce guda, Barau Dikko kuma ya yi kwamishina a gwamnatin tarayya. Bayansu akwai irin su Farfesa Adamu Baikie, da ɗimbin malaman makaranta da ma'aikatan jinya da unguwarzoma da masu haɗa magani, mata da maza, waɗanda suka riƙe ajujuwa da asibitocin lardi lokacin da 'yan Arewa masu takarda ba su da yawa.

Babu wani siddabaru a cikin wannan. Yaran ba su da yawa, saboda haka malami ya san kowa da sunansa da rauninsa. An fara musu karatu da harshen da suka sha a nono kafin a kai su ga Ingilishi. Asibiti yana kusa, yaron da zazzaɓi ya kama ba ya rasa zangon karatu. An sa mata a aji tun lokacin da makarantun 'yan mata na gwamnati ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kuma an sa musu a rai cewa likita da injiniya ba aikin Bature kaɗai ba ne.

Abin da iyaye suka ji tsoro

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka iyayen da suka hana 'ya'yansu shiga irin wannan makaranta jahilci ne ya hana su. Sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sun ga ɗan mishan ma ya san haka. Shi ɗan mishan bai ɗauki magani da karatu a matsayin ƙarshen aikinsa ba, a wurinsa mafi girman alherin da zai yi wa yaro shi ne ya kai shi ga Almasihu, kuma da zuciya ɗaya yake faɗin haka. Uba Musulmi kuwa yana ganin babu asarar da ta kai ɗansa ya bar addini. Kowannensu yana son yaron, abin da suke so masa ne ya saɓa. Akwai Musulmin da suka yi karatu a hannun mishan suka fita da addininsu, amma tsoron ya zauna, har ya shafi makarantun gwamnati da na En'e waɗanda babu ruwansu da coci. Hakimai sun yi ta kamen yara da ƙarfi don cika aji, masu hali suna ɓoye nasu. Wani ɓangare na tazarar ilmin boko da ke tsakanin Arewa da Kudu daga nan ya samo tushe.

Inda wannan ja-in-ja ta fi fitowa fili shi ne a asibitocin kutare. A ƙarshen shekarun 1930 sarakuna suka yarda ƙungiyar SIM ta karɓi kula da masu kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Aiki ne da mutane kaɗan ke son yi: wanke gyambo, da allurar wani mai mai zafi da ake yi kafin a sami ƙwayar dafson, da zama shekara da shekaru tare da mutanen da danginsu suka guje su. Don kada jarirai su kamu, akan raba su da iyayensu mata a rene su a wani ɗaki dabam, a hannun ma'aikatan mishan. Rayuka da yawa sun tsira ta haka. Amma yaron da ya tashi a wannan ɗaki da waƙoƙin coci yake buɗe baki, uwarsa kuwa tana can ba ta da ƙarfin cewa komai. Sarakuna suka yi ƙorafi, gwamnati ta kafa ƙa'idar hana koya wa 'ya'yan Musulmi ƙanana addinin Kirista ba da yardar iyayensu ba, 'yan mishan kuma suka yi ta kukan an ɗaure musu hannu. Ƙorafin sarakunan yana kan hanya. Taimakon da aka yi wa marar ƙarfi bai kamata ya zama dalilin yanke masa hukunci a kan addinin ɗansa ba, kuma wannan ƙa'ida ta hau kan kowace ƙungiya mai riƙon marayu a yau, ta coci ce ko ta masallaci.

Su kansu yaran sun biya nasu farashin. Wanda ya karɓi baftisma sau da yawa ya rasa gado da dangi da wadda zai aura a garinsu. Zuriyarsu sun tashi a tsaka mai wuya: ɗan'uwansu Bahaushe yana mamakin a ce Bahaushe Kirista ne, Kiristan wata ƙabila kuma yana jin Hausarsu da sunayensu sai ya yi musu kallon baƙi. A rikicin addini na watan Maris 1987, wanda ya faro daga Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, wutar ta kai har Wusasa, aka ƙona majami'u da gidaje a unguwar da ta ba Arewa likitanta na farko.

Yau Turawan mishan sun tafi, aikin yana hannun 'yan ƙasa. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, sakandaren St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Wusasa tana da bishop nata na ɗarikar Angilikan, da kwalejin horar da limaman coci ta St. Francis, asibitin St. Luke kuma yana nan yana duba Musulmi da Kirista. A ƙetaren iyaka, asibitin da SIM ta buɗe a Galmi ta Nijar a 1950 har yanzu yana karɓar marasa lafiya daga ƙasashen biyu.

Tarihin Mila da Bullen da Tugwell yana ajiye a rubuce, don sun bar wasiƙu da littattafai. Na matan da suka yi renon marayun Gimi, da maginan da suka ɗaga bakan gizon majami'ar, da malaman da suka zauna suna gyara Hausar Littafi Mai Tsarki jimla bayan jimla, yawancinsa a bakin tsofaffi yake, kuma tsofaffin suna ƙarewa. Sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello bai fi tafiyar 'yan mintoci daga Wusasa ba. Ya kamata ɗalibansa, Musulmi da Kirista, su ɗauki na'urar ɗaukar magana su shiga gidajen nan tun masu labarin suna da rai.